Ina Kafando Ya Shiga?

Ranar 15 ga watan Oktoban bara, bayan isha'i, muna zaune a fadarmu, buta na kan gawayi, sai ga wani kamarad da rigar nan mai hoton Sankara da jar hula, sabuwa fil. Jikka biyu ya ce ya saye ta. Aka kunna a waya jawabin da Sankara ya yi a Addis Ababa cikin Yulin 1987 kan bashin da ake bin Afirka, muka saurara har ƙarshe kamar ba mu taɓa jin shi ba. Da ya ƙare, ana zuba shayi na biyu, na ce:

"Wai ni kam, wa ya harbe shi?"

Baki ɗaya aka amsa mini: "Faransa!"

Na ce na ji, amma wa ya riƙe bindigar? Wani ya ce Blaise. Na ce ko kotun da ta yanke wa Blaise hukunci ba ta ce shi ya danna kunama ba. Sai wuri ya yi tsit. Mu goma sha ɗaya ne a wurin, duka ƴan jami'a, wasunmu ma tarihi suke karanta, amma mutum biyu kawai suka taɓa jin sunan Hyacinthe Kafando. Ɗaya ya ce, "Wanga ai ya daɗe da mutuwa." Ɗayan ya ce, "Ina! Yana Togo, ko Abijan, can dai inda sunka aje shi." Mai sabuwar riga ya ce mu bar zancen, yau ranar tunawa ce, ba ranar gardama ba.

Tun daren nan abin ke cina. Shi ya sa na kawo shi cikin ɗan littafinmu, inda ba mai katse ni.

Ga wanda bai sani ba, ga yadda abin ya kasance. Ranar Alhamis 15 ga Oktoban 1987, da la'asar, Thomas Sankara yana taro da mataimakanshi a harabar Conseil de l'Entente a Wagadugu. Da kayan wasanni ya zo, don Alhamis ranar motsa jiki ce a ƙasar a lokacin. Sai ga sojoji a mota, suka buɗe wuta a waje. Cikin waɗanda ke ɗakin taron mutum ɗaya ya tsira, Alouna Traore, kuma shekara da shekaru maganarshi ɗaya ce: Sankara ya ce musu su zauna, shi ake nema, ya fita hannu a sama, aka harbe shi nan bakin ƙofa. Mutum 12 suka mutu tare da shi. Shekarunshi 37. Cikin dare aka kwaso ƴan kurkuku suka haƙa ramuka a maƙabartar Dagnoen, aka turbuɗe gawawwakin. Daga baya wani likitan soja ya sa hannu a takardar da ta ce Sankara mutuwar Allah da Annabi ya yi. Ku riƙe takardar nan a ranku, za mu gamu da ƴar'uwarta a gaba. A 2015 da aka tone kabarin, masu bincike suka tarar da alamun harsashi birjik a jikin wanda aka ce ajalinshi ne kawai ya zo.

To ina Kafando ya shigo? A lokacin shi ne shugaban masu tsaron lafiyar Blaise Compaore, aminin Sankara kuma na biyu a mulki. Ba janar ba ne, ba kanar ba. Ƙaramin hafsa ne, irin waɗanda ke tsaye bayan manya a hoto, ba a ko rubuta sunansu a ƙasa. Da aka zo shari'a, sojan da ya tuƙa ɗaya daga cikin motocin ya faɗa da bakinshi cewa daga gidan Blaise suka taso, Kafando ne ya ce mishi ya tada mota, kuma Kafando na cikin waɗanda suka tari Sankara lokacin da ya fito. A kan wannan da sauran shaidu kotu ta ɗauke shi jagoran ƴan harbin.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni haushi. Mutumin ba gudu ya yi ba a 1987. Me zai sa ya gudu? Ubangidanshi ne ya hau kujera a daren. Ya ci gaba da zama a fada, cikin masu tsaron sabon shugaba, ana shakkarshi. Sai a 1996 suka ɓata da mutanen fadar, ya fice daga ƙasar, ya yi ƴan shekaru a waje, aka shirya, ya dawo. Daga baya ma ya zama depite a ƙarƙashin jam'iyyar CDP mai mulki. Ku tsaya ku auna wannan. Mutumin da ake raɗe-raɗin shi ya jagoranci harbe shugaban ƙasa yana zaune a majalisa, yana ɗaga hannu ana kafa dokar da za a hukunta ɓarawon akuya da ita. A duk shekarun nan babu mai tambayar ina Kafando yake, don kowa ya sani. Gidanshi sananne ne, kujerarshi sananniya ce. Abin da ba a da shi shi ne alƙalin da zai kira shi.

Ba don ba a nema ba. Matar marigayin, Mariam Sankara, ta shigar da ƙara tun 1997. Aka yi ta wasa da dosiyen, kotun farar hula ta ce na soja ne, na soja kuma sai minista ya ba da izini. A 2006 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce Burkina ta tauye haƙƙin iyalin. Ko gezau. A 2012 ma majalisar ƙasar ta yi dokar afuwa ga duk waɗanda suka taɓa shugabantar ƙasar, wato Blaise ya ɗinka wa kanshi rigar sulke. Sai da matasa suka fito a ƙarshen Oktoban 2014, suka ƙona majalisar, Blaise ya sauka ranar 31 ga wata bayan shekara 27, sannan aka buɗe dosiyen da gaske. Alƙalin soja ya fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Da kira ya zo kan Kafando, sai aka neme shi aka rasa.

Nan ne nake so mu yi amfani da kanmu. Mu da muke yawo a motar haya mun san abin da ake kira tsallake iyaka. Wanda ya taɓa zuwa Wagadugu daga Yamai ta Makalondi, ko ya shiga Jibiya daga Maraɗi, ya san sau nawa ake sauke mutum. Ni kaina an taɓa tsayar da ni a wani shinge fiye da awa guda saboda hoton katina ya goge, mota ta tafi ta bar ni da jakata a rana. Ni ke nan, da ba wanda ya san ni, ba kuma wanda ke nemana. To yaya tsohon depite, wanda fuskarshi ta sha fitowa a jarida, wanda alƙali ke jira, zai wuce kamar iska? Ko mu ce ya wuce ta daji a kan babur. Bayan nan fa? Mutum yana cin abinci. Yana biyan haya. Tsufa na zuwa, ana zuwa likita. Ana buƙatar takardu, ana buƙatar kuɗi, wata bayan wata, shekara bayan shekara. Akuya ce ke ɓata. Mutum irin wannan ajiye shi ake yi. Kuma da ɗan gari kan ci gari: wani ya buɗe mishi ƙofar fita, wani ya buɗe mishi ta shiga.

Saboda haka gardamar "yana Togo" da "yana Abijan" ba ta dame ni ba, hirar shayi ce. Tambayar da ta fi ita ce wa ke cin ribar rashinshi. Ku duba yadda sarƙar take. A sama akwai wanda ake zargi da ba da umurni. A ƙasa akwai sojojin da suka shiga mota. Tsakaninsu mutum ɗaya ne. Direba zai iya cewa Kafando ya ce in tada mota, amma ba zai iya cewa wa ya ce wa Kafando ba. Abin da aka faɗa a gidan nan kafin motoci su tashi, ko kamo shi aka ce, ko kashe shi aka ce, wa ya faɗa, wa ke tsaye a wurin, duk a bakin Kafando yake. In ka cire zobe ɗayan nan, sarƙa ta rabu biyu. Na sama ya ce bai sani ba, na ƙasa su ce aiko su aka yi.

Haka kuwa aka yi. Aka buɗe shari'a ranar 11 ga Oktoban 2021 a gaban kotun soja a Wagadugu, shekara 34 bayan kisan. Mutum 14 ake tuhuma, 12 suka bayyana. Biyun da babu su ne Blaise da Kafando, wato su biyun da aka fi buƙatar ji daga bakinsu. Janar Gilbert Diendere, wanda sojojinshi ne ke tsaron harabar a ranar, ya tsaya ya musanta komai. Dama yana cikin ɗaurin shekara 20 saboda juyin mulkin da ya gwada a Satumban 2015. Ana tsakiyar shari'ar ma sojoji suka sake kifar da gwamnati a Janairun 2022, har lauyoyin waɗanda ake tuhuma suka ce tunda an rantsar da wanda ya yi juyin mulki jiya, da wane baki za a hukunta wanda ya yi shekaranjiya? An yi watsi da hujjar, amma wallahi ni ban iya yi mata dariya ba. Ranar 6 ga Afrilun 2022 aka yanke hukunci: Blaise, Diendere da Kafando, ɗaurin rai da rai.

Na yi murna ranar, ba zan ɓoye ba. A yankinmu ba kullum ake ganin haka ba. Amma cikin ukun mutum ɗaya ne ya kwana a kurkuku. Kuma hukuncin bayan ido rabin shari'a ne, ko ga wanda aka yanke wa. Kafando ma yana da haƙƙin ya tsaya ya ce ƙarya aka yi mishi, in yana da abin faɗa, lauyoyin iyalan su yi mishi tambayoyi, a ji a rediyo. An yanke mishi hukunci mafi nauyi, amma ba a ji kalma ɗaya daga bakinshi a gaban alƙali ba. Wanda ya ɓoye shi bai damu da hukuncin ba. Shirun yake so, kuma ya samu.

Shi kuwa Blaise ba a ma wahalar da kowa da nemanshi ba. Yana Kodibuwa tun 2014, Faransa ce ta taimaka aka fitar da shi, shugabanta na lokacin François Hollande bai musa ba. Aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Wata uku bayan hukuncin, a Yulin 2022, ya sauka a Wagadugu bisa gayyatar sojojin da ke mulki, wai taron sulhu na tsofaffin shugabanni. Mutumin da kotun ƙasar ta yanke wa rai da rai ya shigo ta filin jirgi, ya shiga fada, aka ɗauki hoto, ya koma. Babu jandarma ɗaya da ya matsa kusa da shi. Bayan ƴan makonni aka karanta wasiƙarshi ta neman gafara. Gafarar me? Bai faɗi abin da ya yi ba. In wanda aka san ɗakin kwananshi haka aka yi da shi, wa zai ɓata takalminshi wajen neman wanda aka ce ya ɓace?

Yanzu in dawo kan amsar fadarmu: "Faransa!" Kada wani ya juya mini magana. Ban wanke Faransa ba, ban kuma wanke Houphouet-Boigny na Kodibuwa ba, wanda bai taɓa ɓoye cewa yaron nan na Wagadugu ya tsone mishi ido ba. Macron ya yi alkawari a gaban ɗaliban jami'ar Wagadugu a Nuwamban 2017 cewa za a buɗe takardun sirri. An aiko wasu, lauyoyin iyalan suka ce ba su cika ba. Alƙalin bincike da kanshi ya ware ɓangaren hannun ƙasashen waje ya ce a ci gaba da tono shi daban. Wannan magana tana nan, ba ta mutu ba. Abin da nake ƙi shi ne yadda muka maida kalmar nan bargo. Da an ce Faransa, shi ke nan, kowa ya huta, a zuba shayi na uku. Ba sai ka karanta komai ba, ba sai ka riƙe sunan kowa ba. Alhali ko da a Paris aka ƙulla, ba Bafaranshe ne ya tuƙa motar ba. Ba Bature ne ya sa hannu a takardar mutuwar ba, ba shi ya ba Kafando kujerar depite ba. Kuma in da gaske muke son a kamo zaren da zai kai Paris, ta ina za a kamo shi in ba ta bakin waɗanda suka yi aikin ba? Wanda ya ce Faransa ce amma bai damu da inda Kafando yake ba, ba ya son a kama Faransa. Taken yake so.

Wannan duka a kan maƙwabta ne, kuma faɗinshi ba wuya. Laifi tudu ne. Bari in taka namu.

A daren nan, da na ga gardama ta ƙi ci, na ce: "To Ba'are fa?" Sai wani ya ce, "Wane Ba'are?" Wallahi haka ya ce. Ɗan Nijar, ɗan jami'a, ya haddace jawabin Sankara, amma sai da aka tuna mishi cewa ƙasarshi ma an taɓa harbe shugaba mai ci.

Ranar Juma'a 9 ga Afrilun 1999, a filin jirgin soja na Yamai, Ibrahim Ba'are Mainasara zai hau helikofta, aka buɗe mishi wuta da babbar bindiga. Ba shi kaɗai ya mutu ba. Masu tsaron fadarshi ne a wurin. Firaminista Ibrahim Hasan Mayaki ya fito ya shaida wa ƴan ƙasa cewa shugaba ya rasu a wani tsautsayi. Ga ƴar'uwar takardar likitan Wagadugu da na ce ku jira. Can mutuwar Allah da Annabi, nan tsautsayi. Bayan kwana biyu, kwamandan masu tsaron fadar, Dauda Malam Wanke, ya zama shugaban ƙasa. Kafin shekara ta ƙare aka rubuta sabon kundin tsarin mulki, aka sa aya ta 141 wadda ta yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 27 ga Janairun 1996 da na 9 ga Afrilun 1999. Ba a tsaya nan ba, aka sa ta cikin ayoyin da ba a yarda a taɓa ba, tare da ayar da ta ƙayyade wa'adin shugaban ƙasa. Kwaɗo ɗaya aka sa musu. Iyayenmu suka je suka jefa ƙuri'ar amincewa, da yawansu ba wanda ya karanta musu ayar.

Wanke ya rasu a 2004. Babu kotun da ta taɓa cewa shi ya ba da umurni, babu kuma wadda ta ce ba shi ba ne, don babu wadda aka bari ta tambaya. Wa ya riƙe bindigar? Wa ya ce a harba? Su wa suka sani tun daren Alhamis? Mutane nawa ne a filin nan da idonsu biyu? Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ba su gudu Togo ba, ba su buƙaci kowa ya ɓoye su ba. A Burkina mutum ne ya ɓace, dosiye ya tsaya. A nan mutane suka tsaya, dosiye ya ɓace. Iyalin marigayin sai da suka je har kotun CEDEAO, wadda a Oktoban 2015 ta ce an hana su haƙƙinsu na zuwa gaban shari'a, ta umurci Nijar ta biya su diyyar miliyan 435 na sefa. Kuɗi ke nan. Amma sunan wanda ya harba ba ya cikin ambulan ɗin.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini a fada. "Kai, kada ka haɗa Sankara da Ba'are. Wancan gwarzo na, wanga kuwa da bindiga ya zo, da bindiga ya tahi." Na yarda ba ɗaya suke ba, ni ma ba rigar Ba'are zan saya ba. Shi ya kifar da Mahamman Usman, zaɓaɓɓen shugaba na farko, a 1996. Shi ya rusa hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'a a Yulin shekarar, ya ce ya ci. An kulle ƴan adawa, an ci zarafin ƴan jarida, ma'aikata sun yi watanni ba albashi, yayyenmu ɗalibai sun sha wuya. Duk gaskiya ne. Amma Sankara fa, da ƙuri'a ya zo? Ranar 4 ga Agustan 1983 sojojin Blaise ne suka taso daga Po suka ɗora shi. A 1984 ya kori malaman makaranta sama da dubu saboda sun yi yajin aiki. Mu da muke yajin aiki kan kuɗin bursu duk shekara, mu tambayi kanmu da wace mota za mu koma gida a zamaninshi. A shekarar kuma an harbe mutum bakwai bisa zargin shirya juyin mulki. Ina son Sankara, na kuma san dalilin son: allurar rigakafin yara, dashen itace, ƙaramar motar da ya hau, kunyar da ya cire wa talaka. Amma in sharaɗin bincikar kisan mutum shi ne sai ya kasance ba shi da laifi, to babu kisan da za a bincika, har nashi. Waɗanda suka harbe shi ma ai hujjar da suka karanta a rediyo ke nan a daren: wai ya zama ɗan kama-karya, ya ci amanar juyin juya hali. Duk mai harbin shugaba da hujjarshi yake zuwa. In muka karɓi ta 1999 saboda ba mu son wanda aka kashe, mun karɓi ta 1987 ba mu sani ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma daga bakin kawuna na ji ta, mutumin da ya ga zamanin da idonshi. Ya ce, "Ɗana, ku yara ba ku san wuta ba. Afuwar nan ita ta sa soja sunka koma bariki cikin wata tara. Da an ce sai an yi shari'a, da ba su sauka ba." Ban raina maganarshi ba. Gaskiya ne Wanke ya shirya zaɓe, Tanja ya hau a Disamban 1999, ba a yi yaƙi ba. Wataƙila a ranar ba wata hanya. Amma na ce mishi, "Kawu, in an biya kuɗin fansa don a ceci yaro, ai ba a cewa ɓarawon ya yi daidai, ba a kuma hana yaron sanin wa ya sace shi." Afuwa daban, rufe baki daban. Ana iya cewa ba za a ɗaure kowa ba, amma kowa ya zo ya faɗi abin da ya yi. Afirka ta Kudu ta gwada haka bayan mulkin wariya, da duk gazawar da aka samu. Mu kuwa mun yafe abin da ba a gaya mana ba, ga mutanen da ba a faɗa mana sunansu ba. Kuma me ya biyo baya? Aka sake juyin mulki ranar 18 ga Fabrairun 2010, kundin da aka rubuta bayanshi shi ma ya zo da tashi ayar afuwar. Abin ya zama kamar hatimi, ana gama aiki a buga. Sauran lissafin ku ƙarasa da kanku, kun girme shi.

Akwai kuma masu cewa tone-tone ba ya da amfani, wanda ya mutu ya mutu, a bar wa Allah. Abin mamaki, bakin da ke faɗin haka kan 9 ga Afrilu shi ne ke ihu ranar 15 ga Oktoba. Kuma mu ɗalibai ne ya fi kamata mu ji kunyar wannan magana. Duk 9 ga Fabrairu muna fita tunawa da ƴan'uwanmu uku da aka harbe a gadar Kennedy a 1990. In wani ya zo ya ce mana a bar wa Allah, tsautsayi ne, da me za mu jefe shi?

Mutanen Burkina ba su fi mu jini a jika ba. Abin da suka yi shi ne sun ƙi mantawa da sunaye. Shekara 27 ana danne maganar, amma wata bazawara da ƴan lauyoyi da ƴan jarida suka riƙe takardu, suka riƙe ranaku, suka riƙe wa ya tsaya ina. Ranar da ƙofa ta buɗe, da abin da za su shiga da shi. Shi ya sa Kafando ya gudu. Gudun nan nashi, duk da haushin da yake ba ni, shaida ce cewa dosiyen ya yi nauyin da zai tsorata mutum. A wurinmu ba wanda ya taɓa buƙatar ya haɗa jaka cikin dare saboda 9 ga Afrilu. Shaidun kuma tsufa suke, ana binne su ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da ya gani. Kafando ma ba yaro ba ne. Wata rana za a ji sanarwa daga wani gari, ko ma ba za a ji ba, waɗanda suka ajiye shi su yi ajiyar zuciya.

Ga abin da nake nema a wurin ƴan ƙungiyarmu, kuma zan kawo shi a taro mai zuwa, kowa ya shirya gardamarshi. Zaman 15 ga Oktoba ya ci gaba, da riga da jawabi da komai, amma a karanta sunayen mutum 12 da suka mutu tare da Sankara, a karanta hukuncin 6 ga Afrilun 2022, a kuma faɗi sunayen biyun da ba su kwana a kurkuku ba. Sannan a sa 9 ga Afrilu cikin kalandarmu. Ba zaman yabon Ba'are ba, wanda ke son zaginshi ma ya zo ya zage shi da hujja. Ƴan sashen shari'a su kawo mana hukuncin kotun CEDEAO su fassara mana shi da Hausa da Zabarmanci. Wanda ke da tsoho a gida da ya yi soja ko aikin jarida a 1999, ya zauna da shi da waya kafin lokaci ya ƙure. Aya ta 141 ni zan kawo ta. Layi biyu ce, hotokopinta dala biyar.